Wai da gaske sayen muƙami ake yi a sojan Ingila na da?

Ɗalibin_Tarihi: Assalamu alaikum. Ina karatu a kan yaƙin Kirimiya sai na ci karo da Lord Cardigan, wanda ya jagoranci harin sojan doki a Balaklaba ranar 25 ga Oktoba 1854. An ce sai da ya kai shekara 26 ya shiga soja, amma cikin shekara shida har ya zama laftanar-kanar. Jarumta ce ta kai shi, ko akwai lauje cikin naɗi?

Tsohon_Saja: Wa alaikumus salam. Ɗana, jarumtar me? Har lokacin bai taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. Kuɗi ne kawai. A wancan zamanin doka ce ta yarda a sayi muƙami a sojan doki da na ƙasa, har farashi gwamnati ta yanka, manya kuma su ƙara nasu a bayan fage. Ya shiga runduna ta 8 ta Hussars, wato sojan doki, a 1824, ya zama laftanar a 1825, kyaftin a 1826, a 1830 kuwa manjo da laftanar-kanar duk a shekara guda. Mu da muka san wahalar igiya ɗaya a hannun riga, abin sai dai dariya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na 1834. Yana riƙe da runduna ta 15 ya maka wani kyaftin, Wathen, a kotun soja. Kotu ta wanke kyaftin ɗin, aka tsige shi Cardigan. Shekara biyu kacal sai ga shi an ba shi runduna ta 11, don yana da uwa a gindin murhu. A 1840 ya tsare Kyaftin Reynolds kan baƙar kwalbar giya da aka ɗora a teburin cin abinci, a shekarar kuma ya harbi Kyaftin Tuckett a fito-na-fito. Takwarorinsa masu sarauta suka yi masa shari'a a majalisarsu a 1841, suka sallame shi wai ba a tabbatar da cikakken sunan wanda aka harba ba.

Malama_H: Baba Saja, a yi masa adalci dai. A Balaklaba ba shi ya ƙirƙiro umarnin ba. Babban kwamanda Raglan ya aiko da umarnin a kai hari kan igwa, Kyaftin Nolan ya kawo, Lucan, shugaban sojan doki kuma ogan Cardigan, ya fahimce shi a karkace. Cardigan ya faɗa cewa akwai igwa a gaba da gefe, aka ce umarni ne, ya hau dokinsa Ronald ya wuce gaban mahaya wajen 670. Matsoraci ba ya haka.

Tsohon_Saja: Malama, ban ce matsoraci ba ne. Amma Lucan mijin ƙanwarsa ne, kuma ba sa ga maciji, shi ya sa ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan'uwansa wace igwa ake nufi. Da ya isa bakin igwar Rasha sai ya juyo shi kaɗai, bai tattara yaransa ba. Sama da ɗari suka mutu, shi kuwa a jirgin ruwansa na shaƙatawa yake kwana. Ya koma gida aka naɗa shi babban sufeton sojan doki a 1855.

Ɗalibin_Tarihi: Ikon Allah! To yaushe aka daina sayen?

Malama_H: A 1871, ƙarƙashin ministan yaƙi Cardwell, shekara uku bayan Cardigan ya faɗo daga doki ya mutu.