Wai kuɗin soja raya tattalin arziki yake ko cinye shi?

Malam: Ni dai har gobe ina kan bakana, kuɗin da ake zuba wa soja ba asara ba ne. Ku duba Amurka, a 1940 rashin aikin yi ya kusa kashi 15 cikin ɗari, da masana'antu suka koma ƙera jirage da tankoki saboda Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa 1944 bai kai kashi 2 ba. Intanet ma daga ARPANET, wani tsarin haɗa kwamfutoci, ta samo asali a 1969, da kuɗin ma'aikatar tsaro, haka GPS.

Hajiya: Haba Malam, ai duk inda gwamnati ta zuba kuɗi za a samu aiki, abin tambaya me ya rage bayan an kashe? Gada in an gina ta shekara da shekaru ana bi da kaya, harsashi kuwa ko a harba ko ya lalace a sito. SIPRI, cibiyar binciken zaman lafiya da ke Sweden, ta ce a 2024 kaɗai duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 kan soja fa.

Tsohon Soja: Hajiya da girmanki, wa zai kafa masana'anta inda ba ya barci da ido biyu? Gadar taki ma sai da tsaro take tsayuwa.

Hajiya: Yallaɓai ban ce a rusa soja ba, kodayake Kosta Rika ta rusa nata tun 1948 kuma ba ta kife ba. A sayi tsaro a matsayin dole, amma kar a ce mana jari ne.

Ɗan Kasuwa: Kun bar jaki kuna dukan taiki wlh. Wa ke ƙerawa, wa ke saye? Da Poland ta yi cinikin tankokin K2 da Koriya ta Kudu a 2022 ma'aikatan Koriya ne suka fara ganin albashi, ita kuwa duk ƙasar da ko kusa ba ta ƙerawa dalarta ce ke fita, sannan ta dawo sayen kayan gyara, ta biya masu horarwa, ga bashi da ruwa a kai, misalin Amurka bai shafe ta ba sam.

Malam: To Rasha fa, da ta zuba kuɗi a yaƙin Yukren? Tattalin arzikinta ya haɓaka a 2023 da 2024 duk da takunkumi.

Ɗan Kasuwa: Ya haɓaka kam, amma tsadar kaya ta sa babban bankinsu ya kai kuɗin ruwa kashi 21 a Oktoban 2024. Malam kai za ka ci bashi a haka ka buɗe gidan burodi?

Malam: Wannan kuma ba zan iya ba gaskiya, amma maganar intanet har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.