Ta ina za mu fara kafa sashen jagoranci da ba da shawara a makarantarmu?

Mataimakiyar Shugaba ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. An ɗora mini alhakin kafa sashen jagoranci da ba da shawara a makarantar sakandaren da nake aiki, mai ɗalibai kusan 900, kuma ƙwararriya ɗaya tak aka ɗauka mana. Abin da ya tayar da maganar shi ne wata haziƙar ɗaliba da ta yi zango biyu tana ja baya a karatu, muna ta hukunta ta saboda makara da barci a aji, sai daga baya muka gano cewa ita ke jinyar mahaifiyarta da dare. Har yau abin yana ci mini rai, domin kullum tana gaban idonmu amma babu wanda ya tambaye ta. Da me ya kamata mu fara, kuma wane horo za mu ba malamai domin su tallafa wa aikin?

Mai Ba da Shawara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba mahaifiyar yarinyar lafiya. Mutum ɗaya ba zai iya da ɗalibai 900 ba. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu ta Amurka, wato ASCA, ta ce abin da ya dace shi ne ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 250, don haka malamai ne za su zame wa ƙwararriyarku ido da kunne. Sai dai kada horon ya nufi mayar da su ƙwararru. Aikin malami ya lura, ya saurara, sannan ya miƙa ɗalibin ga wadda ta san hanyar taimaka masa.

Lura ita ce ganin canji: yaro mai surutu ya yi shiru, mai ƙwazo ya daina kawo aikin gida, mai tsafta ya fara zuwa a hargitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda haka da wuya a samu ajin da babu irin wannan yaro.

Sauraro kuwa shi ne mafi wuya, kuma nan ya kamata horon ya fi daɗewa, domin sana'ar malami ta saba masa da yin bayani da gyara kuskure, har ya zama kafin yaro ya ƙare jimla ɗaya an rufe shi da nasiha. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya gina hanyarsa a kan cewa mutum ba ya buɗe cikinsa sai ga wanda ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba. Ba a koyon wannan da lacca. Ku haɗa malamai bibbiyu, ɗaya ya zama ɗalibi mai damuwa, ɗayan ya saurare shi na minti biyar ba tare da ya ba da shawara ba, sannan ya maimaita abin da ya ji da kalmominsa. A ganina, zaman sa'a ɗaya kowane wata ya fi bitar kwana uku da ake yi sau ɗaya a manta.

Tsohon Shugaban Makaranta ya amsa:

Malama, na yarda da bayanin Malam, amma ina da gargaɗi daga kuskuren da ni kaina na tafka. Na taɓa haɗa wa malamin ladabtarwa aikin ba da shawara saboda ƙarancin ma'aikata, aka shekara babu ɗalibin da ya je wurinsa da ƙafarsa. Yaro ba ya kai kukansa ga wanda ke hukunta shi. Haka nan kada ku mayar da ƙwararriyar mai cike gurbin malamin da bai zo ba.

Kuma ku sa jagoranci a cikin jadawalin darussa, kada ya tsaya ga masu matsala kaɗai, in ba haka ba shiga ofishin zai zama abin gori. A 1907, Jesse Davis, shugaban wata sakandare a Grand Rapids ta Amurka, ya ware wani lokaci a kowane mako cikin darasin Turanci domin jagoranci kan sana'a da tarbiyya, kuma malaman aji ne suka gudanar da shi. Kafin ku tsara darussan, ku raba wa ɗalibai takardar tambayoyi da ba a rubuta suna, su faɗi abin da ke damunsu.

Malamar Aji ta amsa:

Ranki ya daɗe, ina roƙon a ba maganar sirri muhimmanci a horon, domin labari ɗaya da ya fita a ɗakin malamai ya isa ya rushe amanar da aka daɗe ana ginawa. Amma a koya wa malamai kada su yi alkawarin rufe komai. Tun farkon zance a gaya wa ɗalibi cewa idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, dole ne a sanar da wanda zai kare shi. Bayanan ɗalibai kuma su zauna a kulle, makullin a hannun ƙwararriyar.

Mataimakiyar Shugaba ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da takardar tambayoyin za mu fara, kuma na janye shawarar da na yi ta sa ofishin kusa da na ladabtarwa. Malam, a zaman gwajin sauraro, shin ya dace shugabanni su zauna tare da malamai, ko kasancewarmu zai hana su sakin jiki?