"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": yawa ake nufi ko daidaito?

Lawan, Ringim: Jama'a, a raba mana gardama. Abokina ya ce yawan mutane kawai wannan karin magana ke nufi. Ni kuma na ce ko kun kai goma, in duk gefe guda kuka tsaya, jinkar kifewa za ta yi kafin ta hau bango.

Baba Magini, Rano: Yaro, ka yi gaskiya. Dubi bakan gizo a soro, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufi. Azara ita kaɗai ba ta haye faɗin da ya kai mita 2 ba ta lanƙwasa ba. Shi ya sa muke fito da ƙafar bakan daga wannan bango, wata daga na can, muna ɗora azara bisa azara, muna ɗaurewa, muna shafe laka, har su haɗu a tsakiya. Kowace ƙafa da 'yar'uwarta ta jingina. In damina ta ci gindin bango guda, lafiyayyar ƙafar ma ba ta tsira. Da irin wannan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya.

Inna Asabe, Gwaram: Ku dai maza komai sai kun kai shi gini. Mu ranar gudummawar biki muke faɗinta, kuma kowa ya gane.

Nura, Kazaure: Baba, a gafarce ni, zan ɗan ƙara. Biyu ba kullum rabi da rabi ba ne. Ka aza bim, wato doguwar gungumen da ke ɗaukar nauyin rufi, a kan ginshiƙi biyu: in nauyin, kamar tankin ruwa, yana tsakiya, sun raba daidai. In aka matsar da tankin ruwa kusa da ɗaya, shi ke shan mafi yawa, ɗayan yana tsaye kamar yana aiki.

Inna Asabe: To wannan kam na san shi. Akwai mai kawo hannu ranar gayya don a gan shi kawai.

Lawan: Ke nan wanda bai taɓa zuwa gayyar kowa ba, ba shi da bakin faɗinta ranar tasa?

Baba Magini: Ya faɗa mana, ai baki nasa ne. Kai kuma Nura, a faɗa wa masu tankin nan su daina ɗora shi a kan rufin azara. Ba don shi aka yi ta ba.