Shawarwarin da na tara kan gyaran kicin a tsohon gida

Da na tayar da maganar gyara kicin ɗin gidanmu na cikin birnin Kano, ginin ƙasa tun na kakanmu, shawara ta zo ta ko'ina. Wadda aka fi nanatawa ita ce a fara daga sama: a duba ko gara ta ci azara, a gyara indararo, sannan a sauko ƙasa.

Wani tsohon magini ya ja kunnena kan manna tayil a bangon laka. Siminti yana kulle danshi a ciki, bayan 'yan damuna sai ka ƙwanƙwasa bangon ka ji yana amsawa kamar ganga, daga nan ya ɓantare. Ya ce gwamma a ɗaga gajeren bangon bulo inda za a riƙa wanke-wanke. Na yarda da shi, don na ga hakan a maƙwabta.

Mata sun dage kan taga babba, hayaƙin murhu ya daɗe yana cin idonsu. Tukunyar gas a ajiye ta waje, a inuwa. Tsohuwar wayar lantarki a sauya ta duka kafin a jona firji. Aikin kuma a yi shi da rani.