Fijo 504: baƙin mai na minaral ko sintetik?

Mai504: Assalamu alaikum. Fijo 504 ce haɗin Kaduna, mai kafireto, ba a taɓa sauke injinta ba. An ce in bar minaral (man da aka tace daga ɗanyen mai) in koma sintetik (man da aka haɗa da sinadarai) 5W-30, wai ya fi. Masana, me kuka gani?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, lambar ma, wato mai nuna kaurin man, ita ce matsala ta farko. 5W-30 na injin zamani ne da komai nasa ke matse. Injin da ya sha tafiya metal ɗinsa (bearin ɗin da kiranshaf ke juyawa a ciki) sun riga sun saki, da ya ɗau zafin rana man zai tsinke, ka ga jar fitilar mai tana ƙyaftawa in mota na silo. Zuba minaral 20W-50, wajen lita 4, da sabuwar filta. Juye duk kilomita 5,000, ko wata shida in motar ajiya ce. Lokacin hunturu kar ma ka kai haka, ƙura ba ta da kirki.

Ɗan Gareji: Gaskiyar Oga ce. Mutane na cewa sintetik na cin oyil sil, ba haka ba ne. Wanki yake yi. Tsohon sil ya bushe ya tsage, dauɗar shekaru ce ta toshe tsagar, to da an wanke ta sai yoyo ya fito ta murfin bawul da bayan kiranshaf. Dauɗar da ta ɓanɓaro kuma tana iya toshe rariyar famfon mai, nan ne inji ke bugawa. Don haka ma kar a yarda a wanke cikinsa da gas ko kananzir.

Injiniya: Ku ƙara da maganar zinc. Tafet ɗin 504 (ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul) mai shafaffen kai ne, gogayya yake da kamshaf kai tsaye, sinadarin ZDDP mai ɗauke da zinc da ke cikin mai ke hana su cin juna. Tun daga ma'aunin ingancin mai na API SM aka rage shi a siraran mai irin 5W-30 saboda katalis (matatar hayaƙin salansa), amma dokar ba ta hau 20W-50 ba. Nemi man da zinc ɗinsa ya kai ppm (kaso cikin miliyan) 1,000 zuwa 1,200.

Ni dai ban haramta sintetik ba. In an sauke inji an sa sabbin ringi, gasket da sil, a fara da minaral har ringi su zauna, daga nan sintetik 15W-50 ba laifi.

Bakanike: Kafin komai, zaro gejin mai ka shinshina. In kana jin warin fetur, kafireto na ambaliya cikin mai. Gyara shi tukuna, in ba haka ba ko wane iri ka zuba tsinkewa zai yi.