"Jiki magayi": wa jikin yake gaya wa?

Ɗan Gujungu:
Assalamu alaikum. Ranar Lahadi bayan kasuwa ta fara watsewa na raka gwaggona tasha za ta koma ƙauyensu. Mace ce mai jiki, tun ina yaro haka na san ta. Ɗan kamasho ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kuɗin mutum biyu za ki biya." Wannan bai dame ni sosai ba, kujerar mota ba ta ƙaruwa. Abin da ya tsaya min a rai wani mai rake ne da ke gefe, ya ɗaga murya ya ce, "Jiki magayi! Hajiya ba a wasa da akushi." Tasha ta kwashe da dariya. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kwance bakin zani ta ƙirgo kuɗin, ba ta ce uffan ba. Matar da take azumin Litinin da Alhamis, tuwonta malmala ɗaya ma ba ta cinyewa. Shin haka ake amfani da wannan karin maganar, ko mai raken ne ya yi mata karan tsaye?

Tsohon Malamin Hausa, Ringim:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mai rakenka ya ɗauki hular wani ya ɗora wa wani. Magayi daga "gaya" yake, kamar yadda maɗinki ya fito daga ɗinki, wato mai ba da labari. Amma wa yake ba labarin? Ka tuna inda ka saba jin ta. Yaro ne ake hana shi tonon ramin kunama ya ƙi ji, sai uwa ta gaji ta ce, "Ƙyale shi, jiki magayi." Ko mutum ya ƙi shiga gidan sauro da damina, a ce masa haka. Ma'ana, tunda kunne ya ƙi ji, jiki zai sanar da mai shi. Labarin tsakanin mutum da jikinsa ne, babu 'yan kallo a ciki. Wadda ake karanta wani da ita daga waje daban take, ita ce "labarin zuciya a tambayi fuska", kuma ko ita zuciya ta ambata, ba tukunyar gidan mutum ba.

Mai Turka na Wudil:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni a ganina fassararka ta ƙara wa mai rake ƙarfi ne. Idan jiki yana gaya wa mai shi, to me ya hana mai shi ya ji? Ni sana'ata turka. Nakan sayi sa ramamme ranar Juma'a a kara, haƙarƙari a waje kamar a ƙirga, in ɗaure shi wuri ɗaya, dusa da harawa da kowar wake ba yankewa. Bayan wata uku zuwa huɗu wanda ya sayar min ma ba zai gane shi ba. Babu wani asiri, ci ne da zama. Kuma ba wani nake zagi ba, da kaina nake. Lokacin da nake taka keke zuwa gona wandona na aure yana yi min daidai. Tun da na sayi babur, ko masallacin bayan layi sai na hau, ga shayi mai kauri safe da dare, ga lemon kwalba a kasuwa. Yau in zan ɗaura igiyar takalmi sai na riƙe numfashi. Wa zan ɗora wa? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mun zama mutanen da ba a gaya mana gaskiya sai mu ce an ci mutuncinmu, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ma'aikaciyar Lafiya, yankin Gumel:
Alhaji Mai Turka, bari in yi maka tambaya a kan sana'arka. Ka taɓa ɗaure shanu biyu rana ɗaya, kwano ɗaya, ɗaya ya cika ɗaya ya ƙi? Na san ka taɓa, shi ya sa kuke duba ƙashi da tsatso kafin ku saya. To mutum ma yana gadon jiki. Ba ina cewa ci da zama ba sa kawo ƙiba ba ne, suna kawowa, naka labarin gaskiya ne. Ina cewa ba kowane jiki ka gani a tasha ba ne ya ba ka labarin akushi.

Abin da nake gani a wurin aiki ke nan. Akwai wadda allurar tazarar haihuwa ta ƙara mata nauyi. Akwai mai matsalar maƙoƙo, jikinta ba ya ƙona abinci yadda ya kamata. Akwai kuma wanda ba ƙiba ba ce sam, ruwa ne ya taru saboda zuciya ko ƙoda ta gaza. Mai jego za ta zo ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, dangi na murna wai jego ya karɓe ta, alhali numfashi take nema. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ka danna yatsa a ƙaurin irin wannan, ka ɗaga, ramin ya zauna. Yaro mai tamowa ma yakan kumbura har kakarsa ta ce ya yi ɓul-ɓul.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne "sha ka fashe". Yarinya za a yi mata aure, ko amarya ta yi wata uku ba ta cika ba, sai a fara: miji ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa mata hannu, ko dai tana da wani ciwo da ake ɓoyewa. Sai ta aika kemis a haɗo mata ƙwayoyi, yawanci har da deksametazon, maganin da aka yi don kumburi da asma. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, ƙafafu su tsaya sirara, sukari da hawan jini su biyo baya. Bakin da ya tura ta kemis tana shekara 18, shi ne zai kira ta randa tana shekara 35. A nan wa ya ɗebo da zafi, kuma bakin wa ya ƙone?

Siririn Ɓaɓura:
Ku dai ku yi ta yi. Ni da ake kira tsinken tsire tun ina firamare, in na ci kwano biyu a gidan biki a ce ina kai shi ina, wa zai shigar min ƙara?

Maman Yara, Kazaure:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ni ce irin gwaggon nan. Haihuwa bakwai, kowace ta bar min nata. Alhaji Mai Turka ya ce jiki na gaya wa mai shi, me ya hana ya ji. Alhaji, ina ji. Gwiwata tana gaya min duk sujada. Bayana yana gaya min in na sunkuya wanke-wanke. Ba na bukatar mai rake ya fassara min.

An ce in riƙa tafiya. Ina? Tsakar gidanmu daga ƙofar ɗaki zuwa madafa taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Iyayenmu sun yi surfe da daka da niƙa a dutse, su ɗebo ruwa a rijiya, mu kuwa inji ya ɗauke mana, kuma ba na kukan hakan, wahala ce aka rage. Amma in na yafa mayafi da asuba na ce zan zaga gari don motsa jini, kafin hantsi labari ya kai gidan surukaina. Namiji in ya yi tumbi sai a ce ya samu, a fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Abincin kuma abin da maigida ya kawo ne: masara, shinkafa, taliya, manja. Ban taɓa jin an bar wa matar gida zaɓin cefane a ƙauye ba.

Wani abu kuma. Na taɓa zuwa awo wani asibiti, aka ɗora ni a sikeli, mai awon ta kira lambar da ƙarfi har na bayan layi suka ji, ta ƙara da cewa a yi a hankali kada a fasa musu sikeli. Shekara biyu ban sake taka wurin ba. Da na koma, jinina ya riga ya hau. Wanda yake ganin dariya tana sa mutum ya gyara, ni ga abin da ta sa na yi.

Na'ibin Liman, Kiyawa:
Allah ya ba ki lafiya, Hajiya. Addini bai bar ko ɗaya daga ɓangarorin nan ba. A Suratul A'araf aya ta 31 an ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, kuma hadisin kasa ciki uku sananne ne: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Wannan tsakanin bawa da kansa ne. A Suratul Hujurat aya ta 11 kuwa an hana wasu su yi wa wasu izgili, an ambaci mata daban, an kuma hana jifan juna da sunayen banza. Buhu, randa, giwa, duk sun shiga.

Ku duba gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Uwar muminai Sauda mace ce mai nauyin jiki. A Muzdalifa ta nemi izinin wucewa da dare kafin cunkoso, ya ba ta, babu gori. Nana A'isha ta yi tsere da shi ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi dariya ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ita da kanta ta ba da labarin. Kai kuma na Ɓaɓura, ƙararka ta shiga tuntuni: sahabbai sun yi dariyar sirantar ƙaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, aka gaya musu ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Bahaushe ma ya ce wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Mai Turka na Wudil:
Allah gafarta Malam, na karɓi aya da hadisi hannu biyu. Hajiya ta Kazaure kuma ki yafe ni in maganata ta taɓa ki, ban yi tunanin taku goma sha ɗayan nan ba. Amma karin maganar tsayuwar wata ban yarda ta shiga nan ba. Tsayuwar wata ba hannun kowa a ciki. Tsawo, gajarta, baƙi, fari, waɗannan tsayuwar wata ne. Tumbina kuwa ni na tsayar da shi, kuma ba sai na hau sama zan gyara ba, sauka daga babur kawai zan yi. In muka mayar da kowace teɓa halitta, yaranmu da suke karya kumallo da taliyar leda da lemon kwalba za su taso da wannan uzurin.

Ma'aikaciyar Lafiya, yankin Gumel:
A nan ina tare da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Halittar ɗan Adam ba ta canza a shekara 32 ba, abinci da zama ne suka canza. Mai son ya auna kansa: ka ninka tsawonka a mita da kansa, ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.6 da kilo 80 zai samu 31 da ɗoriya. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce da ke jawo ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa. Lissafin nan mutum zai iya yi a ɗakinsa, ba sai an kira masa lamba a gaban layi ba.

Tsohon Malamin Hausa, Ringim:
Alhaji ya yi gaskiya a kan karin maganar tsayuwar wata, rabinta ce ta dace. Amma tunda ka kawo "gyara kayanka", mu duba ta ita ma. Wa yake faɗin ta? Abokin tafiya ne, yana bayanka, ya ga gammo ya zame kaya sun karkace, ya matso ya gaya maka, wani lokaci ma ya sa hannu ya tallafa. Ana faɗin ta ne don mai kaya ya san ba kwaɗayin kayansa ake ba. Mai rake bai san sunan gwaggo ba, ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma ba kunnenta ya nufa ba, kunnen tasha ya nufa. Ya sayi dariya ne da mutuncinta. Da 'yarta ce ta zauna da ita a ɗaki ta ce, "Inna, numfashin nan naki yana ba ni tsoro, mu je a duba," da na ce karin maganar ta samu gurbinta. Ni kaina matata ce ta rage min sukarin koko ba tare da ta sanar da ni ba, sai bayan wata guda na gane, na yi faɗa, na ci gaba da sha.

Ɗan Gujungu:
Na gode muku duka. Jiya na je ƙauyen. Ban iya ɗauko zancen tasha ba, ita ta ɗauko da kanta, ta ce daga yau in tana son abu a kasuwa za ta ba da saƙo, ta gama zuwa. Shekara fiye da talatin tana kai daddawa Gujungu. Na tuna maganar Anti ta Gumel, da ta miƙe ƙafa a tabarma na ce, "Gwaggo, bari in ga ƙafar nan." Na danna ƙaurinta da babban yatsa, na ɗaga, ramin ya zauna har na gama ƙirga goma. Ta ce ai ta fi wata biyu haka, kuma da dare sai ta jingina da bango take iya barci. Anti, asibitin sha-ka-tafi na kusa zan fara kai ta, ko in wuce da ita babban asibiti kai tsaye?

Ma'aikaciyar Lafiya, yankin Gumel:
Babban asibiti, ƙanena, kuma gobe, kada ka jira ranar kasuwa. Ka tafi da duk ƙwayar da take sha, har da ledarta. Kanwa da gishiri a dakatar mata da su tukuna. In da hali ka ɗauki shatar mota.