Ragon turke ya daina fitsari: wa ya taɓa gani, me ya yi?

Mai Turke, Gumel

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Tunda an fara ɗaure ragunan Babbar Sallah, ina so mu taɓa wata matsala da ba a cika zancenta ba sai ta kwantar da dabba. Rago ya ƙoshi, ya yi kyau, rana ɗaya ya kasa fitsari. Bara ta cinye mini Balami guda, wanda ya fi kowane girma a garken. Abincinsa dusar alkama ce safe da yamma da ɗan ƙowar wake, harawa kuwa sai jefi-jefi don ta yi tsada. Da safe na tarar ya bar dusa, yana ta miƙa, ya baje ƙafafun baya yana yunƙuri, wutsiya na karkaɗawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce kashi ne ya ƙi fita. Aka ɗura masa man gyaɗa. Washegari ya natsu, ya daina nishi, muka ce alhamdu lillahi. Ashe mafitsara ce ta fashe a ciki. Ciki ya yi ta kumbura har muka kira mahauci. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya, ko an ci nasara ko ba a ci ba.

Maman Biyu, Kano

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. Ni nawa ya tsira, amma Allah ne kawai ya sa 'yata tana shara. Ita ta ce, "Mama, yau wajen ragon nan a bushe yake." Na je na duba, wallahi ƙasar ƙarƙashinsa ko ɗigo babu, ga shi yana cizon haƙora. Da na sunkuya sai na ga gashin bakin kuben mazakutarsa ya yi fari-fari, wasu 'yan ƙwayoyi sun maƙale a jiki. Na sa aka ɗauko a-daidaita muka kai shi asibitin dabbobi. Likitan ya yi masa allurar kwantar da jiki, aka zaunar da shi a kan gindinsa, ya fito da mazakutar. A can ƙarshenta akwai wani siririn abu kamar tsutsa, nan ne tsakuwar ta toshe. Ya sa almakashi ya datse shi. Fitsari ya yi tsartuwa har kan rigar yaron da ke riƙe da ƙaho, ja-ja da jini. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Amma likitan ya ce kada in saki jiki, akwai saura a mafitsara, yana iya sake toshewa. Ya ba ni wani farin gari in riƙa damawa ina ɗura masa, ya ce in janye dusa.

Ɗan Mahauta

Mu da muke kwata mun san wannan sarai. Gab da Sallah ake kawo mana su, kusan duk manya ne, irin waɗanda aka kashe wa kuɗi. Kana farka ciki ruwa zai kwararo, warin fitsari ya cika wuri. In ka tsaga mafitsarar sai ka ga rairayi fari-fari a kwance, kana murza shi da yatsa yana marmashewa. Wani kuma ba mafitsara ce ke fashewa ba, hanyar fitsarin ce, sai ka ga ƙasan cikin ya kumbura, fitsari ya shige tsakanin fata da nama. Gaskiyar da masu dabba ba sa son ji: in abin ya kai nan, naman ma ya tashi aiki. Ko an dafa warin yana nan, malaman duba nama kuma ba sa bari a sayar. Wanda ya yanke shawarar yankawa, ya yanka tun ranar farko.

Mai Turke, Gumel

Haka aka yi kuwa. Fata kawai muka tsira da ita.

Baƙauye Mai Waya, Funtuwa

Ni abin da ya ƙona mini rai wani mai shagon maganin dabbobi ne, ba zan faɗi suna ba. Na je na ce rago ba ya fitsari, ko tambayata bai yi ba ya zaro allurar sa fitsari ya ba ni, irin wadda ake yi wa mai kumburin ƙafa. Muka yi masa da la'asar. Kafin asuba ragon ya kwanta. Daga baya wani malamin dabbobi ya ce mini allurar ƙoda take tunzurawa ta ƙara tace ruwa, alhali ƙofa a toshe take. To ina ruwan zai je?

Dakta, Zariya

Sannunku da ƙoƙari. Ni likitan dabbobi ne, a wannan lokaci na shekara kuma ba na rabuwa da irin waɗannan raguna, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Tushen abin yana cikin kwanon dusa. Rago yana buƙatar sinadarin kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2 a abincinsa. Dusar alkama a juye take, fosfaras ɗinta ya kusa ninka kalsiyam sau 10. Masara da dawa da gero da ƙuli-ƙuli da angurya su ma duk ɓangaren fosfaras suka rinjaya. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu kalsiyam, su ne kuma ake ragewa in kuɗi ya yi ƙasa.

Akwai wani abu na biyu da mutane ba su sani ba. Dabbar da ke tuƙa tana fitar da rarar fosfaras ne ta miyau. Rago yakan yi miyau har lita 10 a yini in yana samun abin tauna, miyan ya koma tumbi, fosfaras ɗin ya bi kashi ya fita. In ka cika shi da dusa da aka dama ta yi laushi, tuƙa ta ragu, miyau ya ragu, sai aikin ya koma kan ƙoda. Fosfaras ya taru a fitsari, ya haɗu da magnisiyam, ya zama rairayin da Ɗan Mahauta ya gani. In ga ƙarancin shan ruwa, an gama. Tunkiya ma tana yin tsakuwar, amma hanyar fitsarinta gajera ce mai faɗi, tana zubar da ita. Ta rago doguwa ce siririya, tana da lanƙwasa biyu a bayan maraina, sannan ga ɗan siririn ƙarshen nan da aka datse wa ragon Maman Biyu. A waɗannan wurare biyu ake samun toshewa. In ta toshe gaba ɗaya, tsakanin awa 24 zuwa 48 mafitsara ko hanyar kan fashe. Natsuwar da Malam Mai Turke ya gani ita ce alamar fashewar, zafin matsewa ne ya tafi.

A 2018 likitocin Jami'ar Bern da ke Suwizalan sun fitar da bayanan tumaki da awaki 270 da aka kai musu da wannan ciwo. Mafi yawan awakin dandaƙaƙƙu ne, amma mafi yawan ragunan ba a dandaƙe su ba. Kenan kada wani ya ce ragonsa cikakke ne, ya tsira. Sun kuma lura cewa dabbar da ta yi ƙiba sosai, da wadda aka kawo bayan ta galabaita, su suka fi mutuwa. Ragon layya kuwa ƙibar ake nema, kun ga inda gizo ke saƙa.

Farin garin da aka ba Maman Biyu amoniyam kulorayid ne. Yana sa fitsari ya yi tsami, tsamin yana narkar da irin wannan rairayi. Don rigakafi akan sa kamar giram 5 a kowane kilo na abinci. Yana da ɗaci, dabba ba ta son sa, in kuma aka ɗora ta a kai kullum jiki yakan saba ya daina aiki, shi ya sa ake ba da shi kwanaki a huta kwanaki. Don Allah kada wani ya ji sunan ya je ya ɗebo takin zamani, yuriya kashe rago take yi cikin awa guda.

Dattijon Ruga

Dakta, Allah ya ƙara sani. Amma ni tun ina yaro kanwa muke ba dabba in ta yi nauyin jiki. Iyayenmu ungurnu suke jiƙa wa tumaki, ban taɓa ganin rago ya kasa fitsari a rugarmu ba. Yanzu an zo da farin gari mai sunan Turanci. Me ya hana a jiƙa wa ragon kanwa a huta?

Dakta, Zariya

Baba, ranka ya daɗe, ban musa maka ba, ragunanku ba sa yi. Amma suna yawo, suna cin ciyawa da ganye da 'ya'yan gawo, suna tuƙa dare da rana, dusa kuwa sai dai su ji labari. Ba kanwar ce ta tsare su ba. Kanwa tana da ranarta, in rago ya ɓarke buhun hatsi ya ci tumbinsa ya yi tsami, tana taimakawa. A maganar tsakuwa kuwa kishiyar abin da ake so take yi, tana kashe tsamin fitsari, rairayin kuma a fitsari marar tsami yake haɗuwa. Ragon da ke turke yana cin dusa, gishirin lasa ya fi masa kanwa, don gishiri zai tura shi ga ruwa.

Dattijon Ruga

To, na ji. Nawa dai ba zan hana su kanwa ba. Na birni ku ji da su.

Ɗiyar Maraɗi

Salamu alaikum. Mu nan Maraɗi mata mu ka yin kiwon turke cikin gida, kuma abin da ni gani maganar ruwa ta fi ƙarfi. Lokacin ɗari bisa ba ta son ruwan da ya kwana cikin bokiti, sanyi gare shi. Sai ta sunsuna ta bar shi. Ragona na farko haka ya yi, ga dusa yana ci, ruwa ba ya sha, munka rasa shi. Tun daga nan da safe nike surka musu ruwa ya yi ɗumi, in zuba ƙasari da ɗan gishiri. Wanke bokitin kullum, rago yana da ƙyama, in kaza ta taka ruwan ba ya sha. Kuma ruwan ya zauna gabanshi, ba a kawo a ɗauke ba. Maƙwabciyata sau guda take ba nata ruwa da rana, wai kada ciki ya cika ya ƙi cin dusa. Na yi mata magana har na gaji.

Mai Awaki, Gusau

Dakta ya ce harawa ce mai gyara, amma ni abin da ya same ni ya saɓa. Taure ne, an dandaƙe shi tun yana ɗan ƙarami. Ba na ba shi dusa sosai, harawar gyaɗa ce abincinsa, don muna nomanta. Ya kasa fitsari, aka datse ƙarshen nan, ya ɗan ɗiga, kwana ɗaya ya sake toshewa. Farin garin ma an ɗura, bai yi komai ba. Da aka yanka, abin da muka tarar ba rairayi ba ne. Ƙwayoyi ne zagayayyu masu ƙyalli, ruwan zinare, masu tauri, sun yi jere a cikin hanyar. Har yanzu suna nan a kwalba na ajiye.

Dakta, Zariya

Malam, na gode da ka kawo wannan, don tsakuwar ba iri ɗaya ba ce. Taka ta kalsiyam ce, an fi ganinta a awaki, musamman taure da ke cin harawa zalla. A 2017 masu bincike a jihar Texas ta Amurka sun auna tsakuwoyin da aka ciro daga tumaki da awaki, ta fosfaras ce ta zo kan gaba, ta kalsiyam na biye da ita. Ita ta kalsiyam ba ta narkewa da magani, sai tiyata. Akan farka ciki a sa roba a mafitsara fitsari ya riƙa fita ta nan har hanya ta buɗe. Aikin manyan asibitoci ne, irin na koyarwa da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuɗinsa kuma yakan kai mutum ya tsaya ya yi lissafi da farashin dabbar. Dandaƙa da wuri ita ma ta ƙara jawo matsalar, hanyar fitsari ba ta gama buɗewa in an cire maraina tun dabba tana jaririya. Ga taure a haɗa masa da ciyawa da karan dawa, kada a bar shi da harawa kaɗai.

Dillali, Maigatari

Bari in ƙara da ɓangarenmu. Ragon da ya ci wata da watanni a hannun mai turke, ka saya ka ɗora a mota zuwa Legas, kwana biyu ba ruwan kirki, shi ne ke toshewa a hanya ko da an sauke. Na yi asarar Uda biyu a tafiya guda. Mai saye a can kuma ba ya ɗaukar mai ciwo, ga shi dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta layya. Yanzu kafin lodi ina tsayawa sai na ga kowane ya yi fitsari da idona, yaran mota suna mini dariya. In mun tsaya a Tegina ko Jebba a sauke bokiti, ko direba zai yi fushi.

Maman Biyu, Kano

Dakta, tambaya ɗaya. Dusar nan ba za mu iya barinta ba, ita ce mai arha. Akwai abin da za a haɗa mata?

Dakta, Zariya

Akwai, Hajiya. Garin dutsen laimiston da masu haɗa abincin kaji ke amfani da shi, cike yake da kalsiyam kuma ba tsada. Ba garin ƙashi ba, shi yana da fosfaras, ba kuma farar ƙasar shafe ba. A buhun dusar alkama mai kilo 50 akan zuba kamar kilo 1 da rabi zuwa 2, a gauraya sosai, a ƙara gishiri kamar rabin kilo. Sannan a fara ba shi harawa ko ciyawa ya ci ya tuƙa kafin a kawo dusa, a kuma raba dusar kashi uku a yini maimakon a jibga masa sau guda. Gobe ina asibiti tun safe, wanda ya ajiye tambaya sai dare zan gani.